Kwakwa Mai Kan Sarki

A duk tsibirin Wanggala babu wanda ya taɓa yin zazzaɓin da ya kai na La Ode Hamiru zafi. Idan ka ce ka kwana da ciwon kai, zai ce nasa na bara sai da matarsa ta soya ƙwai a goshinsa. Idan ka kama kifi mai tsawon hannu, shi ya taɓa sakin wanda ya fi kwalekwale tsawo, don tausayi kawai. Shi ne shugaban gidan wayarmu, shi ne akawu, shi ne masinja, shi ne mai shara, amma idan zai yi magana sai ya gyara hula ya ce, "Ni da ma'aikatana."

Abu ɗaya ne Pak Hamiru (a yarenmu Pak shi ne Malam, Bu kuma Malama) ba ya cika baki a kansa, wato kafaɗarsa. Doka ta ce kan sarki kuɗinsa ɗaya ne, ko maƙwabcinka za ka aika wa saƙo ko wanda ke ƙarshen duniya, kuma dole a kai. Ƙarshen duniyarmu shi ne Kaunde, wani ɗan dutse a tsakiyar teku mai gidaje kaɗan da bishiyoyin kwakwa rututu. Duk mako sai ya ɗauki filafili ya tuƙa kwalekwale har can, wani lokacin saboda wasiƙa ɗaya tilo, tun gashin bakinsa yana baƙi har ya yi fari fat. Yanzu idan ya dawo, hannunsa na dama ba ya kaiwa baki sai matarsa Wa Suri ta murza masa kafaɗar da man kwakwa. Yana son injin jirgi kamar ya mutu. Gwamnati kuwa tana biyan irin waɗannan ofisoshi abin da ake kira diyyar asara, tana cike musu gurbin abin da suke rasawa wajen hidimar da babu ɗan kasuwa mai hankali da zai yarda ya yi. Rabon Wanggala bai taɓa wuce fenti da tawada ba.

Ran nan ana zaune a rumfar kofi ta Wa Nduri a bakin gaɓa, sai aka ji wata ƙara tana tsaga teku. La Rumbi ne, ƙanin Wa Suri, mai riƙe da gidan wayar tsibirin Mbela, a cikin jirgi mai sabon inji yana ƙyalli. Sai da ya kewaya matsayar jirage yana watsa wa mutane ruwa, ya sake kewayawa don waɗanda ba su jiƙe ba, sannan ya sauko.

"Yaya, barka da hutawa. Yaya kafaɗa?"

"Kafaɗa ƙalau take," in ji Pak Hamiru, idonsa a kan injin. "Wa ka yi wa sata?"

"Gwamnati ce ta ba ni. Mai bincike ta zo ta duba, ta ce asarar ofishina ta fi ta kowa a yankin nan."

"Har tawa?"

"Haba Yaya, taka ai asarar yara ce. Ni sai wata ya kama ya mutu ko ƙuda bai leƙo ni ba."

Da wani ne, sai ya ce Allah ya sanya alheri, ya ci gaba da shan kofinsa. Pak Hamiru ya miƙe tsaye, gashin bakinsa yana rawa.

"Jama'a, ku shaida. Kafin matar nan ta zagayo bayan Sallah, zan tafka asarar da za a ji labarinta har Jakarta. Inji biyu za su ba ni, ɗaya na aiki, ɗaya na zuwa Juma'a."

"Pak Hamiru," in ji Wa Nduri tana juya ayaba a cikin mai, "ai ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka ci gaba yadda kake, za ta same ka har gida."

"Bu Nduri, ke dai soya ayabarki. Asara ilimi ce, ba kowane kai ke ɗaukar ta ba."

Rufe ofis doka ta hana, don haka ya yanke shawarar korar mutane da baki. Wanda tsautsayi ya fara kawowa shi ne malamin firamare, da wasiƙar da zai aika wa ɗansa a Kendari. Pak Hamiru ya riƙe ambulan da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Wannan rubutu ne ko kaguwa ce ta faɗa tawada? Da wannan kake koya wa 'ya'yanmu? To ɗan naka ma ya gaji da kai, je ka gida ka kwanta."

Malam ya fito yana huci, ya nufi rumfar kofi ya maimaita abin da aka faɗa masa kalma bayan kalma don a taya shi fushi. Aka yi ta dariya har wani ya ƙware. Mu a Wanggala talabijin ba ya kamawa sai iska ta ga dama, saboda haka washegari ofis ya cika da 'yan kallo. Pak Hamiru ya ga haka, ya buga tebur ya ce duk wanda ba sayayya ta kawo shi ba ya fita. Sai kowa ya sa hannu aljihu ya sayi kan sarki, ya gyara tsayuwa yana jiran nasa zagin. Kafin mako ya fita, mai jin haushin surukinsa ba ya tanka masa, sai dai ya ce, "Don Allah idan ka bi ta gidan waya ka sayo mini kan sarki," sannan ya bi bayansa a hankali ya laɓe a taga. Kan sarkin da ya shekara yana shan danshi a aljihun tebur ya ƙare ƙarƙaf, sai da aka aiko da wani daga birnin Baubau.

"Baban Nuria," in ji Wa Suri, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu, tana zuba masa romon kifi a kan rogo, "wai da gaske ka ce wa kawuna kansa kamar kwakwar da biri ya ɗanɗana ya yar?"

"Aikin gwamnati ne, ba ki gane ba."

"To ya ce a gaishe ka. Gobe zai dawo da abokansa."

Da ya ga zagi ya zama sana'a, sai ya sauya dabara. Doka ta ce a buɗe ofis, ba ta ce a ina ba. Ya sauko da teburinsa da sikeli da hatimi daga kan tudu, ya kafa su a can ƙarshen matsayar jirage, inda mata ke shanya kifi da ciyawar teku, wurin da warinsa kan sa baƙo ya tuna da abin da ya ci shekaranjiya. Ya zauna cikin rana ya toshe hanci da auduga, yana murmushin wanda ya gama da duniya.

Abin da bai sani ba, matan nan sun daɗe suna sayar da busasshen kifi da kashu ta waya ga mutanen Makassar da Surabaya. Hawan tudu da buhu a ka ne kaɗai ya hana su zuwa wurinsa, shi ya sa suke ba ma'aikatan jirgin da ke zuwa duk Laraba, su kuma suna cinye rabi a hanya. Yanzu ga sikeli ya zo har gindin shanyarsu. Suka yi masa caa kamar ƙudajen wurin.

"Allah ya yi maka albarka, Pak Hamiru!"

"Kada ya yi! Ku koma wajen 'yan jirgi!"

"Ji tawali'u! Auna mini wannan, ɗan albarka."

Ran Juma'a mai gari ya tashi bayan salla ya yabe shi a gaban kowa, ya ce shugaba ke nan mai bin talakawa har cikin wari. Pak Hamiru ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunya ce, alhali baƙin ciki ne.

"Yaya asara?" in ji Wa Nduri da ya zo shan kofi.

"Tana tafe."

"Ta biyo jirgin Laraba ke nan. Ka san ba ya zuwa a kan lokaci."

A nan ne babbar dabarar ta faɗo masa. Asara, in ji shi, tana cikin nauyi da nisa. A ɗauki abu mai nauyi, a liƙa masa kan sarki mafi araha, a kai shi wuri mafi wuya, shi ke nan gwamnati ta shiga uku. Ya sa aka kaɗo kwakwar bishiyoyin Wa Suri kaf, ya zauna a tsakar gida yana rubuta sunayen mutanen Kaunde a jikin kowace da fentin ofis, yana liƙa kan sarki da gam ɗin gyaran jirgi, yana buga hatimi. Mutanen Kaunde fa, waɗanda kwakwa ke faɗo musu a ka idan sun fita fitsari.

Wa Suri ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Tsaya in gane. Kai ka sayi kan sarkin da kuɗin cefanena, kai ka sayar, kai za ka tuƙa, kwakwar kuma tawa. To wa ke asarar?"

"Gwamnati."

"To me ya sa ni nake jin ta a jikina?"

"Wa Suri, idan injin ya zo, ke za ki fara shiga."

Ranar tafiya tsibirin ya fito kallo. An loda kwalekwale har bakinsa yana sumbatar ruwa. Pak Hamiru ya yi jawabi a kan sadaukarwa, ya gyara hula, ya soma tuƙi. Yana isa inda ruwan gaɓa ke haɗuwa da babban teku, igiyar ruwa ɗaya, wadda ba ta ma kai a kira ta igiya ba, ta zo ta kifar da shi. Mata suka sa salati. Can sai ga kansa ya ɓullo, yana rungume da gindin kwalekwale, yana ihu da murna.

"Alhamdu lillahi! Kayan gwamnati sun halaka! Ku shaida, asara ce!"

Mutumin da aka haifa a gindin kwakwa ya manta cewa kwakwa ba ta nutsewa. Suka taso ɗaya bayan ɗaya, suka jeru, ruwa ya ja su tiryan-tiryan zuwa inda yake jan komai a wannan wata, wato Kaunde. Kafin masunta su tsamo shi su ja shi zuwa can, kowa a Kaunde ya tsinci tasa a bakin yashi, ga sunansa, ga kan sarki daram, don gam ɗin jirgi ba ya wasa. Tsofaffin Kaunde suka ce tunda suke saƙo bai taɓa riga masinja isowa ba sai yau, suka yanka masa kaza.

Masu waya kuma sun ɗauki komai a bidiyo, har da ihun, sun watsa wa duniya. Ba a daɗe ba kira ya fara shigowa daga 'ya'yan Wanggala da ke aikin gonakin manja a Malesiya da masu aikin jirage a Ambon: a aiko mini da kwakwar bishiyar bayan ɗakin innata, da hatimin garinmu a jiki. Wani ƙato ya kira yana kuka, wai ya ga sunan kakarsa yana iyo a teku. Sannan 'yan birni marasa aikin yi suka shigo, kowa yana son kwakwar da ta zo ta gidan waya ya ajiye a falo. Su kuwa waɗannan a kan sikeli ake auna musu, su biya cikakken kuɗi suna godiya. Pak Hamiru ya wayi gari yana buga hatimi har hannun hagun ma ya fara ciwo.

Sallah ta wuce, aka aiko cewa mai bincike tana tafe. Ya tashi a masallaci, wannan karon ba jawabi, roƙo.

"Don girman Allah, safiya ɗaya kawai. Kada kowa ya zo. Ku tsaya bayan masallaci da kayanku, idan ta tafi zan busa usur."

Aka tausaya masa, don kowa ya san kafaɗar nan, kuma kowa ya taɓa karɓar saƙo daga hannunta. Aka taya shi mayar da tebur kan tudu. Aka tura kwakwa ɗakin baya har rufi, aka danna ƙofa da ƙyar aka sa sakata. Ya sa tsohuwar rigar aiki mai yagaggen aljihu, ya je rumbun maƙwabta ya aro yanar gizo-gizo a kan tsinke ya rataya a kan sikeli.

Mai binciken, Bu Retno, 'yar tsibirin Jawa ce mai magana a hankali kamar tana tsoron tada jariri. La Rumbi ne ya kawo ta a jirginsa, ya kuma biyo ta har ciki, wai rakiya. Ta dubi ofis wayam. Ta dubi yanar gizo-gizo. Ta ɗauki filafilin da ke jingine a bango, ta shafa inda hannu ya cinye itacen har ya yi kwari.

"Pak, da wannan kake zuwa Kaunde?"

"Da shi, Bu."

"Ɗaga hannunka in gani."

Ya ɗaga, hannun ya tsaya a rabi. Wannan kam babu dabara a ciki, kuma ta gani. Ta zauna ta buɗe jakarta.

"Saboda irin wannan wurin aka yi diyyar. Zan rubuta a ba ka inji."

Wa Suri, da ke leƙe ta taga, ta ɗaga hannu sama tana godiya ba sauti. Alƙalami ya sauka a kan takarda. Abin da ya rage wa Pak Hamiru a duniya shi ne ya rufe bakinsa har a sa hannu.

La Rumbi ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Ki taimaka masa, Bu, lada za ki samu. Ba laifinsa ba ne, wani Allah bai ba shi farin jini ba. Ni nawa ofishin mutane ne babu a tsibirin. Shi kuwa ga mutane fal, zuwa ne ba sa yi."

Gashin baki ya motsa.

"Baban Nuria," in ji Wa Suri daga taga, "ka sha ruwa."

"Hatimin nan nasa," La Rumbi ya ci gaba yana juya shi cikin tausayi, "ina jin bai taɓa wuce wancan dutsen ba. Shekara da shekaru, bawan Allah."

"Baban Nuria, kafaɗa. Ka tuna kafaɗa."

Pak Hamiru ya damƙe gefen tebur. Gumi ya keto masa. Wallahi ya kusa tsira.

"Ko a Baubau da ke nan kusa," in ji La Rumbi a hankali, "ka ce Hamiru, sai a ce maka wane Hamiru?"

"Wane Hamiru?"

"Haka suke cewa, Yaya. Ni ma ba na jin daɗi."

"WANE HAMIRU?"

Usur ya shiga baki. Ya busa shi da ƙarfin da bai taɓa tuƙi da shi ba. Jama'a suka ɓarko daga bayan masallaci da buhunan kifi da kwalayen kashu da kwakwa a hammata, suka yi layi tun daga ƙofa har gangare. Shi kuma ya yi tsalle ya zare sakatar ɗakin baya. Kwakwa ta ɓalle kamar an fasa madatsa, ta kwashe ƙafafun La Rumbi, ta bi ta ƙarƙashin kujerar Bu Retno, ta fita ƙofa ta gangara tudu tana korar kaji har bakin ruwa. Pak Hamiru ya haye tebur, yanar gizo-gizo a hularsa.

"Ɗauki ki karanta, Bu! Wannan Surabaya! Wannan Ambon! Wannan Malesiya, ƙasar waje! Hatimina yana falon manya a Jakarta! Kan sarki ƙarewa yake a hannuna kamar gishiri! A duk lardin nan a nuna mini ofishin da ke shigar da abin da nake shigarwa! Wane Hamiru? Wannan Hamirun!"

Jama'a suka yi tafi, don ba su san ko an fasa shirin ko an ci nasara ba. A taga kuwa babu kowa, Wa Suri ta tafi gida.

Bu Retno ta jira ya sauko. Ta ɗauki kwakwa ɗaya ta duba hatimin, ta yi murmushi mai kyau, sannan ta ja layi ɗaya a kan abin da ta rubuta.

"Barka, Pak. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Ofishinka ya tsaya da ƙafafunsa, ba ya buƙatar diyya. Za mu mayar da rabonka inda ake fama." Ta dubi La Rumbi, wanda ke zaune a ƙasa yana murza gwiwa da fuskar marayu.

Sai a lokacin kunnen Pak Hamiru ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"To... injin fa, Bu? A saya daga ribar."

"Riba ta hedikwata ce, Pak."

"Kaunde fa?"

"Kaunde doka ce. Dole a kai."

Bayan 'yan makonni aka aiko masa da allon yabo na katako mai ruwan zinariya. Ta gidan waya ya zo, shi ya karɓa, shi ya kai wa kansa, shi ya sa hannu. La Rumbi kuwa yanzu injinsa biyu, kuma saboda rashin kunya ba ya kunna na biyun sai ran Juma'a.

Ranar da Pak Hamiru ya dawo daga Kaunde, da kwalekwalen da ya fi na da nauyi tunda yanzu su ma can sun koyi aika kwakwa, ya zauna a rumfar Wa Nduri ya ɗauki kofi da hannun hagu. Ya kurɓa, ya ajiye, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, gashin bakin ya ɗan motsa.

"Ku faɗi tsakaninku da Allah. A duk lardin nan, akwai wanda ya taɓa asarar inji da busa ɗaya?"

"Babu, Pak Hamiru," in ji Wa Nduri. "Wannan kam ka ci gasar."

Tunda yake cika baki a rumfar nan, ranar ce kaɗai ba a yi masa musu ba, kuma bai ji daɗin ta ba ko kaɗan. Ya tashi ya tafi gida, ya cire riga da ƙyar, ya zauna a kan tabarma ya juya wa matarsa kafaɗa kamar kullum. Wa Suri ta ɗauko kwalbar man, ta kifa ta a tafin hannunta, ta girgiza. Ko ɗigo.

"Kwakwar tsibirin nan duk ta tafi Malesiya da kan sarki a goshi," ta ce, ta ajiye masa kwalbar a gabansa. "Ka rubuta wa gwamnati ta biya ka diyya."